Tafiyar Yoila da Magana a Baki

A layinmu na Wulari, in kana son magana ta zaga unguwa kafin azahar, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka ja Yoila gefe, ka rage murya, ka ce masa wannan tsakaninmu ne. Zai dafa ƙirji ya ce ka binne ta a wurinsa, kuma har ga Allah da gaske yake a lokacin. Sai dai kafin ya kai bakin titi zai gamu da mutum biyu ko uku, kowanne kuwa a ganinsa ɗan gida ne da bai kamata a ɓoye masa komai ba.

Ni ne Umara mai wankin hula. Rumfata tana jingine da katangar gidansa tun 'yarsa Gloria tana rarrafe, don haka abin da zan faɗa a kansa ba jita-jita ba ne. Mutumin kudancin Borno ne, daga duwatsun da ke bayan Biu. Ya zo Maiduguri da ƙuruciya, ya yi aikin akawu a wata makaranta, da ya ajiye aiki sai cocinsu ta riƙe shi sakatare. Shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Na sha gaya masa cewa wanda ya ba shi wannan aikin ya san abin da yake yi, don ko ba a ba shi ba zai yi shi a titi kyauta. Ba mugun baki gare shi ba, ban taɓa jin ya kai maganar da ta raba mutane ba. Labarin alheri ne ba ya iya kwana da shi. Shi ya yi wa wata mata barka da samun ciki a gaban mijinta, alhali ita tana jiran ranar da za ta gaya wa mijin da kanta. Shi ya tambayi fastonsu ko yana son agogo mai fata ko mai ƙarfe, ranar da 'yan zumuntar mata suka gama shawarar ba shi agogo a ɓoye.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne kekensa. Lokacin da aka hana hawa babur a cikin gari, kowa ya koma keke yana ƙunƙuni, Yoila kaɗai ya riƙa yawo da fara'a, don shi dama bai taɓa sauka daga nasa ba. Baƙin keke ne dogo mai nauyin tsiya, irin wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka jima kana ɗingishi. Da shi yake kai saƙon coci har Khaddamari ya dawo, da shi ya kai Gloria makaranta har ta yi girman da ta fara jin kunyar a gan ta a kariya. Yana goge shi da safe kafin ya wanke fuskarsa. Matarsa Naomi ta ce in gobara ta tashi a gidan ta san wanda za a fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

To, bara da ruwa ya fara ɗaukewa, Damian mai shagon kayan wuta a Kasuwar Monde ya zo gidan da la'asar cikin riga mai kyau, abin da ban saba gani a jikinsa ba. Damian Ibo ne, amma ya daɗe a garin nan har yana ciniki da Kanuri ya kuma ci riba a kanmu. Ɗansa Stanley ne ke son Gloria, ita ma tana sonsa, iyaye kuma ba wanda ya ƙi. Sai dai Damian ya zo da sharaɗi ɗaya, ya ce ba nasa ba ne, na danginsa ne. Za su taso daga ƙauyensu mota guda, kuma a wurinsu ba a karɓar yarinya daga hannun mutum ɗaya.

"In sun zo suka ga kai da madam kawai, za su ce yarinya ba ta da kowa," in ji shi. "Za su shiga mota su koma, ni ba zan iya tsayar da su ba. Ka kawo mutanenka su zauna."

Nan matsalar take. Dangin Yoila ba sa motsi sai babban yayansu Jona ya motsa. Jona shi ya riƙe su bayan rasuwar ubansu, yana can ƙauyensu na asali a kan dutse, ba shi da waya, ba ya kuma son ta. A gidansu ƙa'ida ce maganar aure kunnen Jona za ta fara shiga, daga bakin uban yarinya, ido da ido. An taɓa karya ta sau ɗaya. Manasse, mai bin Jona, ya gaya wa wani abokinsa zai aurar da 'yarsa, maganar ta riga shi hawa dutsen, Jona ya tsince ta a kasuwa a bakin mai sayar da gishiri. Bai yi faɗa ba. Ƙin zuwa bikin kawai ya yi, dangi kuma da suka ga bai tashi ba su ma suka yi zamansu, aka yi biki kujeru na kallon juna. Yarinyar nan yanzu 'ya'yanta sun shiga makaranta, amma duk wanda zai je garinsu sai Jona ya ce a gaishe ta, a tambaye ta ko ta sami miji.

Ka ga ke nan auren Gloria ya rataya a kan abu ɗaya, wato ubanta ya kai magana kan dutse ba ta zube a hanya ba. Hanyar kuwa ta ratsa garin Manasse, ta kuma ratsa garin 'yar'uwarsu Halimatu Sadiya, yayar Yoila, wadda ta musulunta ta auri wani ɗan kasuwa tun da daɗewa, kuma ita ma bakinta irin na gidan ne. Da na ji haka, wallahi sai yarinyar ta ba ni tausayi.

Na ji ne kuwa don Damian bai kai ga buɗe motarsa ba Yoila ya leƙo rumfata ya zazzage mini komai. Ni kaɗai ya samu. Naomi ta fito ta kama shi a hannun riga ta mayar da shi ciki, ta tsara tafiyar da kanta. Ta ce washegari zai tashi. Mota za ta kai shi Biu ta Damaturu da keken a ɗaure a sama, daga nan kuma sai ƙafarsa da feda, don ruwa ya cinye hanyar ƙauyen, 'yan acaɓar yankin kuwa kowanne in ba ɗan wani ba ne to surukin wani ne, kuma suna tuƙi suna tambaya. A kan keke ba shi da abokin hira. Saboda zaman mota kuma ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta, ta ce duk wanda ya yi masa magana ya nuna kumatu, ciwon haƙori yake yi. Wayarsa ta karɓe ta miƙo mini, ta ce ita ba za ta iya yi wa dangin miji ƙarya ba, ni kuwa ba dangina ba ne.

"Baba Umara, duk wanda ya kira, ka ce ba ka sani ba."

Na ce ai ni ma ba na ƙarya. Ta ce to in yi ta gaisuwa irin tamu ta Kanuri har katin mai kiran ya ƙare.

Abin da ya faru a hanya na haɗa shi ne daga bakinsa bayan ya dawo, da kuma bakin masu kiran wayar, don duk garin da ya bari sai ta yi ƙara a aljihuna. Daga Biu ya gangara ta wajen Marama, ya bar kwalta ya shiga 'yar siririyar hanyar ƙafa tsakanin gonaki. Mutumin da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Maiduguri, inda tudu mafi girma shi ne gadar sama, ya manta garinsu duwatsu ne. Ya ce a hawan farko gwiwoyinsa suka tuna masa shekarunsa. Baƙaƙen duwatsu sun cika hanya, dawa ta fi shi tsawo dama da hagu, mata na tuge gyaɗa suna ɗaga masa hannu, shi kuma yana nuna haɓa yana wucewa. Inda rafi ya yanke hanya ya naɗe wando ya saɓa keken a kafaɗa. Ƙaya ta huda masa taya, ya zauna gindin tsamiya yana faci, wani Bafulatani ya tsaya da shanunsa yana kallo, ya miƙo masa nono a ƙwarya. Ya ce a gaban wannan mutumin ya kusa yin ɓarin farko, don fuskar amana gare shi. Allah ya taimaka wata saniya ta shiga gonar mutane, mai ita ya ruga.

Garin Manasse ɗan ƙaramin gari ne, kasuwa ɗaya, injin niƙa ɗaya, kowa ya san kowa. Manasse na zaune a ƙofar gida ya ga ƙaninsa da ya daɗe bai gani ba ya sauko daga keke da ɗankwalin mace a haɓa. Aka yanka kaza. Aka tambaye shi lafiya, ya nuna haƙori. Aka tambaye shi ko ciwon haƙori ne ya taso shi daga Maiduguri, garin likitoci, zuwa nan, ya gyaɗa kai, don bai tanadi amsar wannan ba. Manasse mutum ne mai son taimako ko ba a nema ba. Ya sa aka cusa masa kanumfari, aka ba shi wani jiƙo mai ɗaci ya kuskure baki, aka dama masa kunu, kazar kuma Manasse ya cinye ta a gabansa tunda mai ciwon haƙori ba ya tauna. Sannan ya aika a gaya wa wani mutum da ke cire haƙori da filaya a kasuwa ya zo da safe.

Rana ba ta gama fitowa ba wayar ta yi ƙara ina cikin jiƙa huluna. Manasse ne. Ya ce Auta, wato Yoila, ya gudu, ga mai filaya ya iso yana jira. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, korarsa aka yi daga coci, ko Naomi ce ta kore shi. Na ce wushe, wushe, yaya gida, yaya iyali, yaya gona, yaya ruwa ya yi muku bana, yaya gajiyar baƙo. Ban kai ga gaida awakinsa ba layin ya yanke.

A wajen Halimatu Sadiya dabarar Naomi ba ta yi aiki ba. Garinta na gindin wani tsauni can gaba da Shaffa, Yoila ya isa da yamma wando duk taɓo. Tana ganinsa ta warware ɗankwalin, ta ce ya buɗe baki, ta leƙa, ta ce haƙoran nan sun fi nata lafiya, ta ninke ɗankwalin ta ajiye ta ce zai yi mata kyau. Ta yi masa tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa irin wadda uwarsu ke yi, ta zauna a gabansa tana jefo tambaya ɗaya-ɗaya kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ko filin gado ya zo dubawa. Ko takarar kansila zai tsaya. Ko likita ne ya gaya masa wani abu ya zo sallama da dangi. Da ta zo kan wannan sai ta fara share ido da bakin mayafi, shi kuma Yoila ba ya iya kallon hawayen yayarsa. Ya ce maganar ta hau har maƙogwaronsa, sai ya tura loma ya danne ta, in ta sake tasowa ya sake turawa, har ya cinye tuwon da aka ajiye wa maigidan. Ta ɓoye famfon keken a cikin rumbu ta sa ya ƙara kwana, sai da ya rantse mata ba mutuwa zai yi ba ta fito da shi.

Ita ma ta kira ni. Da na fara wushe, wushe, ta ce in dakata, ta yi zaman Gamboru, ta san wannan gaisuwar, kuma katinta da yawa. Sai da na ce dutsen guga zai ƙona mini hular mutane sannan na samu na tsira.

Yoila ya ce bai taɓa sanin shiru ciwo ba ne sai a tafiyar nan. Cikinsa ya kumbura, kansa ya yi nauyi, har feda ya ji tana masa tauri. Bai yi nisa da garin yayar tasa ba ya kai wani wuri tsakanin gonakin dawa, ya duba gaba ya duba baya, ba kowa sai wata akuya ɗaure a turke. Ya jingine keke, ya gyara riga, ya tsaya a gaban akuyar ya gaya mata komai. Sunan yaro, sunan ubansa, layin da shagonsu yake, watan da ake sa rai, har irin ankon da Naomi ke tunani. Ya ce ya ji sakayau, ya hau keke yana fito. Bai tsaya ya tambayi kansa wa ya ɗaure akuyar ba, ko ina mai ita ta shiga.

Washegari Halimatu Sadiya ta sake kira, ba sallama ba gaisuwa.

"Malam Umara, wane ne Stanley?"

Hular da ke hannuna ta faɗa cikin ruwan sitaci. Ashe mai akuyar tana cikin dawa tana tsinkar wake, kuma maƙwabciyar Halimatu ce, katanga ɗaya. Na roƙe ta don Allah don Annabi ta riƙe, na gaya mata abin da zai sami Gloria in maganar ta riga ubanta. Ta ce ai ta fi ni sanin Jona. Ta ce ba za ta faɗi komai ba, amma ranar kasuwa akwai wata tsohuwar akori-kura da ke kutsawa har gindin dutsen, za ta bi ta, ta hau ta gaida yayanta, ta kuma ga idon wanda ya gaya wa akuya abin da ya ɓoye wa 'yar'uwarsa. Na san irin wannan alkawarin, na daɗe ina jin irinsa daga bakin ƙaninta.

Da na gaya wa Naomi, zama ta yi a bencina ta yi tagumi. Gloria ta dawo daga aiki ta same mu a haka, ta dube mu ta gane, ta shige gida. Yarinyar da kullum sai ta tsaya ta tsokane ni cewa hulunana sun fi ni ƙamshi, ranar ko kallona ba ta iya yi ba, abin ya dame ni ƙwarai. Naomi dai ta lallashe mu da cewa kasuwar da saura, Baban Gloria zai riga yayarsa isa, kuma magana ce ta zama ɗaya.

Ya riga ta ɗin kuwa. Ya kwana a wani gari a ɗakin baƙin coci, ya wuce shingen 'yan sa-kai da suka tambaye shi ina zuwa, ya ce gaisuwa, suka ce gaisuwa tun daga Maiduguri a keke, lallai wanda za a gaisar ya ci sa'a. Ya bi gefen wani kwari inda birai ke zaune a kan duwatsu suna kallonsa. Hawan ƙarshe turawa ya yi, yana tsayawa yana riƙe ƙugu. Ya sami Jona a gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya. Ya tsufa fiye da yadda Yoila ya zata. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birane, sai wata surukarsa da ke hawo masa da abinci daga gidan da ke ƙasa. Ya dubi Yoila, ya dubi keken, ya ce Auta ka rame, ya sa aka kawo ruwa.

Akwai ƙa'ida ta biyu a gidan, wadda Yoila bai ko sa ta a lissafi ba. Ƙarami ba ya buɗe abin da ya kawo shi sai babba ya tambaye shi. Ba ta taɓa zama matsala ba, don wa zai ga baƙo daga nesa bai tambaya ba? Tun daga Biu kowa tambayarsa yake yi, ya ce har biran nan kallon tambaya suke masa. Ya sha ruwa, ya gyara zama, ya lashi leɓe yana jira. Jona ya tambayi Naomi. Ya tambayi Gloria, Yoila ya ce tana lafiya da wata irin murya mai jan hankali, Jona ya ce madalla ya wuce. Ya tambayi ko har yanzu ana samun bandar kifin Baga, ya tambayi zafin gari, ya tambayi ambaliyar da aka yi, ya tambayi maƙwabcin nan mai wankin hula, wato ni. Sannan ya ce gajiya ta kama baƙo, a yi masa shimfiɗa.

Haka aka yi ta yi. Kullum da safe Yoila ya fito da keke ƙofar gida, ya goge shi, ya ƙara iska, ya ɗaure jakarsa a kariya, ya juya shi ya fuskanci gangara, don da an tambaye shi ya amsa sai ya kama hanya ya bi sauran dangi. Sannan ya zo ya durƙusa ya gaida yayansa. Jona ya dubi keken, ya dube shi, ya ce yau za su tuge gyaɗar bayan gida. Wata rana ya kai shi kabarin iyayensu suka cire ciyawa, wata rana suka gyara jinkar rumbu. Yoila ya gwada duk dabarar da ƙa'ida ta bari. Ya yi tari. Ya yi doguwar ajiyar zuciya. Ya ce yara dai suna girma. Jona ya ce haka ne, maruƙan bana ma sun girma, ya tashi ya kai shi ya gan su.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira. Yoila ne, ya ari wayar wani malamin asibiti ya hau kan wani dutse inda ake samun sabis. Muryarsa har ta dushe don rashin amfani. Na gaya masa zancen akuya da zuwan Halimatu, na ji ya ambaci sunan Allah da yarensu. Ya ce shi ya rasa gane kan Yaya Jona, ko tsufa ne ya taɓa shi, ko wulaƙanci ne. Naomi na tsaye a kaina, ta karɓe wayar. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da gidan. Ya ce tun jana'izar matar Yaya. Ta tambaye shi ko ya kwana a lokacin. Ba ta jira shi ba, ta amsa masa da kanta, ta ce ya isa da safe, aka binne, ya ci abinci a tsaye, ya ce akwai taron coci ya juyo.

"Baban Gloria, in ya tambaye ka yau, gobe kana ina?"

Ya ce hanya mana.

"To ko ni ce shi, ba zan tambaye ka ba."

Ta miƙo mini wayar ta koma gida. Na kara a kunne, iska kawai nake ji tana kaɗawa, can ya ce mini sai an jima, maƙwabci.

Ranar kasuwa da safe ya leƙa gangara ya hango wata jar lema can ƙasa tana hawowa, tana tsayawa tana hutawa. Ya fito da keken kamar kullum, Jona na zaune a wurinsa ya kawar da kai. Sai Yoila ya kwance jakar daga kariya ya kai ɗaki, ya zazzage kayansa ya rataye a igiya. Ya dawo ya sace iskar tayoyin duka biyu har suka kwanta. Ya ɗauko sifana ya cire tayar gaba, ya kinkimi keken ya shiga da shi ɗakin Jona, ya ɗaure shi a sama jikin itacen rufi, inda ake rataye iri. Duk wanda ya san Yoila ya san abin da wannan ya ci masa a rai. Ya fito yana karkaɗe hannu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar yayansa, ya jawo kwandon gyaɗa ya fara ɓara. Ba tare da ya ɗaga kai ba ya ce dawar gangaren nan ba za ta yanku a hannun mutum ɗaya ba, shi yana nan sai an kai ta rumbu.

Dawar kuwa ko ja ba ta fara yi ba. Jona ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Lemar ta wuce kukar ƙarshe, ana jin Halimatu tana haki tana yi wa dutsen faɗa. Yoila ya ce bai waiwaya ba, don ba shi da sauran dabara, kuma a lokacin kunyar yayansa ta fi tsoron yayarsa ƙarfi a zuciyarsa. Can Jona ya ajiye fartanyar.

"To, Auta. Me ke tafe da kai?"

Daidai nan Halimatu Sadiya ta iso bakin danga, ta buɗe baki, Jona ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba, ta rufe. Ita ta ba ni sauran, don Yoila in ya zo nan tsallakewa yake yi. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba, an ba ƙaninta fili ya kasa. Da ƙyar ya haɗa 'yan kalmomi. Gloria ta sami miji, Ibo ne, ɗan mutanen kirki, suna so su ga dangi. Jona ya tambaya ko yaron yana gaida manya, aka ce yana gaisarwa. Ya ce to za su je, dukkansu, kuma Halimatu ta kai wa Manasse labari tunda ga alama maganar ta dame ta.

Yoila ya cika alkawari, sai da dawa ta shiga rumbu muka gan shi a Wulari, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Amma Halimatu ta ce abin da ya sa ta zauna a ƙasa a ranar ta rufe fuska da mayafi ba zancen auren ba ne. Bayan an gama, Jona ya juya ya dubi ƙofar ɗakin, sannan ya dafa kan ƙaninsa.

"Tun ranar da ka iso nake so in tambaye ka," ya ce. "Kullum na fito sai in ga kekenka yana kallon hanya."